Sunan da Matar Yaya Ta Ƙi Rubutawa

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, kuma babu wanda za a bari a baya ya yi gadin gida. Matar yayana ta rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinta da ke Tarauni. Bayan azahar aka sallace ta, aka kai ta maƙabartar da mijinta yake kwance.

Ni ban yi makaranta ba. 'Yarta ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na gaya mata kada ta gyara min magana ta mayar da ni wata malama.

Kwana uku ina zaune a bakin ƙofar ɗakin ina kallon masu shigowa gaisuwa. 'Yan jarida sun cika rumfar waje, har da masu furfura da suka ce a hannunta suka koyi aiki. Ma'aikatan jinya sun zo daga asibitin koyarwa da fararen kayansu, suka zauna a ɗarare suna duba agogo. Wani tsohon marini ya zo daga cikin gari, hannuwansa shuɗaye har gwiwa, ya tsaya a zaure ya ce sai ya ga dangin mijinta. Na fita. Ya kwance wata leda ya nuna min littafi da hotonsa a bango.

Ya ce, “Hajiya, ban iya karanta shi ba, amma na san abin da ke ciki. Kafin a buga ta zauna a bakin karofi ta karanta min shi kaf. Na ce ta cire wajen da na zagi ƙanena. Ta ce in je mu shirya tukuna, sai ta cire. Haka na je, ina jin haushinta.”

Ya goge ido da bakin rawani, ya mayar da littafin cikin leda.

Matan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi su ne ba su bar ni na yi makokina cikin salama ba. Kowacce ta ce Allah ya jiƙan Anti, sai ta ɗora da, “Oh, ko ina littafin Inna ya kwana?” tana satar kallona. Wata da na riƙe ta tana jaririya ta faɗa yadda zan ji: “Mai rubutawa ta tafi, mai hanawa tana nan daram.”

Gaskiya ta faɗa. Marigayiyar ta rubuta tarihin mahaifiyarmu tun da daɗewa, ta gama shi in ban da kalma ɗaya, kuma kalmar a bakina take. Littafin ya fi shekara ashirin a akwati saboda ni.

Baƙar fata ce kamar mu, amma 'yar Amurka. Aikin jarida ya kawo ta Kano, aka haɗa ta da Yaya ya yi mata tafinta, lokacin yana aiki a gidan rediyo. Wata uku ta zo yi. Ta musulunta, suka yi aure, ta tsufa a nan. Ranar da ya fara kawo ta gida, lokacin bayan katangarmu duk gonaki ne, ta tsaya ƙiƙam a gaban Inna ta miƙa mata hannu. Inna ta dubi hannun, ta dubi Yaya, sai ta ɗora mata ƙoƙon fura a kai.

Ni ban yarda da ita ba. Na ce wa Inna wannan leƙen asiri ta zo yi. Ina aka taɓa ganin mace da fensir uku soke a ɗankwali, kana magana tana rubutawa? Shekara biyu ina lura da alwalarta ko zan kama ta da kuskure, ban kama ba, abin ya ba ni haushi. Ta gane ina sa mata ido, sai ta laƙaba min Alƙaliya. Ni kuma ina ce mata matarmu, ina tuna mata mu muka kawo ta gidan.

Ba zan ce ba ta da aibu ba don ta mutu. Tuwonta bai taɓa rabuwa da gudaji ba. Har ta koma ga Allah ba ta raba “ya” da “ta” ba, sai ka ji ta ce “Inna ya fita, Yaya ta dawo.” Kitson 'yarta ni na riƙa yi, don in an bar mata yarinyar sai kan ya cukurkuɗe tana can tana buga tafireta. Kuma tana da tambaya inda ba a tambaya. A gidan mutuwa ma sai ta matsa kusa da mai takaba ta ce, “Me ya fi so ya ci?” Abin mamaki, sai ka ga matar ta buɗe baki tana ba da labari har da murmushi.

Amma aikinta na gani da idona, kuma ban ga wasa a ciki ba. Takan ajiye rikoda a tabarma, ta yi tambaya ɗaya, ta yi shiru. Shirun nan shi ne makaminta. Mutum ya gama amsa, ta ci gaba da kallonsa, sai ya ji nauyi ya ƙara, kuma abin da ya ƙara shi ne take nema. In ka ce mata an ce, sai ta ce, “Wa ya gani?” Ba ta rubuta magana sai ta ji ta a baki biyu. A ƙasarsu ta rubuta tarihin manyan mutane, an ce har da wata mawaƙiya da wani shugaban ma'aikata. Da ta zauna a nan sai ta koma kan marina da direbobin jirgin ƙasa da mata masu wankan gawa. Yaya ya taɓa yi mata tsiya ya ce ga sarakuna ga attajirai ta tsallake. Ta ce waɗannan suna da maroƙa.

Inna ungozoma ce. Rabin mutanen da suka girma a layinmu ita ta yanke musu cibiya. An san ta da abin da sauran ungozomomin lokacin ba sa yi: kowace haihuwa sabuwar reza, zare sai ta tafasa shi, hannu sai ta wanke har gwiwa, in ta ga abin ya karkace kuma ba ta jira, sai ta ce a nemo mota. Matarmu ta ce za ta rubuta tarihinta. Kusan shekara guda tana zuwa kullum da safe, Inna na kishingiɗe tana zuba, don dama ita ba a roƙonta magana. Wata rana ta tambaye ta me ya sa ta bar tsohuwar askar da ta gada. Inna ta gaya mata.

Ni ce dalilin. Haihuwata ta fari a gida na yi, a hannun Inna, da askar nan ta yanke cibiya. Namiji ne. Cibiyar ta kumbura, ya daina kama nono, jikinsa ya sanƙare. Bai kai ranar suna ba. Huɗuba kawai ubansa ya yi masa a kunne, ya faɗa wa Inna sunan, Inna ta raɗa min. Da aka fita da shi ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, ɗan fari ne, mata suna ta yabon kunyata. Washegari na hangi Inna ta tagar ɗaki ta nufi masai da askar a hannu, ta dawo babu ita. Ba ta san na gani ba. Har ta rasu ba mu taɓa yin zancen nan ni da ita ba.

To sai ga matarmu, ranar jajibirin sunan jikar maƙwabtanmu, tsakar gida cike da mata, ina tsince shinkafa a tire. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabana.

Ta ce, “Alƙaliya, Inna ya ba ni labarin yaronki na fari. Ranar da ya rasu, kin yi kuka?”

A harshenta kukan ido da kukar miya duk ɗaya take faɗarsu. Na ce, “A'a, ranar kuɓewa na yi.”

Mata suka kwashe da dariya, suna taya ni rufe maganar. Duk 'yar da aka haifa a garin nan in ta ji wannan amsa ta san an ja ƙofa. Ita sai ta zaro fensir.

“Yaya sunansa?”

Mai daka ta tsayar da taɓarya. Yaron da ko ya rayu ya yi gemu ba zan kama sunansa ba, shi ake tambayata a gaban surukai da 'ya'yan cikina. Na ajiye tiren, na ɗauki gyalena, na fita.

Wata goma sha ɗaya ban yi mata magana ba. Na san addini bai yarda a wuce kwana uku ba, Allah ya yafe min. Ta aiko da naman layya, na raba wa maƙwabta. Yaya ya zo ba da haƙuri ya ce ba ta san al'ada ba ce. Na ce mai fensir uku ai sai ta rubuta al'adar ta haddace.

Ciwon Inna ne ya haɗa mu. Aka kwantar da ita a asibiti, muna karɓa-karɓar jinya. Duk ranar da na zo karɓar matarmu sai in tarar an yanke wa Inna farce, an taje mata kai, an shafa mata mai a duga-dugai. Mu 'ya'yanta ba mu tuna da duga-duganta ba. Wata rana da la'asar likitoci suka fitar da mu, muka zauna a benci ɗaya a baranda, babu wajen gudu. Ta zuba baƙin gahawan nan nata mai ɗaci a murfin fulas, ta ajiye a tsakaninmu, ta fara magana tana kallon bango.

Ta ce aikin da aka fara ba ta a gidan jarida, tana budurwa, shi ne rubuta labarin waɗanda suka mutu, aikin da kowa ke gudu. Wata rana ta kuskure harafi ɗaya a sunan wani lebura. Matarsa ta hau mota biyu ta zo ofis da jaridar a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, sau ɗaya tak sunansa ya taɓa fitowa a takarda, shi ma ba nasa ba ne.

Ta kurɓi gahawa. Ta ce ita ta san sunan kakarta da na uwar kakarta, daga nan sai duhu. Waɗanda aka kwasa daga wannan ƙasa tamu aka tsallaka teku da su, ta yi shekaru tana bin tsofaffin takardu, abin da ta samu kawai “mace ɗaya, yaro ɗaya.”

Ta ce, “Mu an ƙwace mana sunaye. Na zo nan na tarar kuna da su, kuna ɓoyewa. Ban gane ba, Alƙaliya. Na yi miki laifi.”

Na ce, “Ba ɓoyewa ba ce. Wani abin ya fi ƙarfin baki ne.”

Na jira ta zaro fensir. Ba ta taɓa shi ba. Ranar na fara ganin ta ji magana ta bar ta a inda ta faɗi. Allah ya sa yanzu tana tare da waɗancan kakannin nata, suna faɗa mata sunayensu da bakinsu.

Sai ta gaya min yadda za a yi. Ta ce tarihin Inna ba ya tsayuwa in babu yaron nan, domin duk jaririn da ya rayu a hannun Inna bayansa albarkacinsa ya ci. Ba za ta buga littafin babu shi ba. Ba za ta sa shi a ciki babu suna ba, kamar waɗancan na cikin takardu. Ba kuma za ta sa sunan ba sai daga bakina. Ta ce, “Kuma ba zan sake tambayarki ba.”

Na ce, “To zai daɗe a akwati.”

Ta ce, “Ina da haƙuri. Ke ma kina da shi, shekara nawa kina cin tuwona?”

Na ɗauki murfin fulas ɗin na kurɓa. Ɗaci kamar maɗaci. Shiryawarmu ke nan.

Ta cika alkawari, har ya zamo cikawar tana damuna. Inna ta rasu. Maigidana ya bi ta. Yaya ya rasu, danginta suka yi ta waya ta koma gida, ta ce wane gidan? Ta yi takabarta a Tarauni, ni ina kwana wajenta. Masu buga littattafanta sun nemi na Inna ba sau ɗaya ba, ta ce bai nuna ba. Matan layi suka yi ta yi da ni. Ita ko da wasa ba ta sake ɗaga maganar ba. In hira ta doso wajen, ita ce ke karkatar da ita.

Da yanar ido ta rufe min gani aka yi min aiki, ita ta zauna da ni kwanakin da nake ɗaure da bandeji. Ta ce tunda Alƙaliya ba ta gani, kada shari'a ta tsaya. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta sunkuyo ta raɗa min: “Matar ɗanki ce, ya zo da kwano ɗaya, murfin ba nasa ba ne.” “Maƙwabciyarki ce, ɗankwalin bai shiga da zanen ba.” Ina dariya idon na zafi, ina ce mata ta bari kada ɗinki ya warware.

A ciwonta na ƙarshe na hau adaidaita na je, na tarar ta rame, fensir ɗaya ya rage a ɗankwalin. Aka bar mu mu biyu. Ta kama hannuna ta daɗe tana kallona da shirun nan nata. Na ce a raina yau za ta tambaya. Sai ta ce, “Ruwan jiya bai shiga zaurenku ba?” Na ce ya shiga kaɗan. Muka yi zancen kwata da magudana har na tashi. Da ta tambaya ranar, ina jin da na faɗa. Ita ta riƙe alkawarinta, ni na riƙe bakina, kwana huɗu bayan nan ta cika.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, 'yarta ta ce in shigo ɗakin uwarta. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Takardun littafin na ciki ɗaure da zare, da kaset-kaset na Inna jere, kowanne da rubutu a goshi.

Ta ce, “Gwaggo, akwai abin da nake so ki ji. In kin ce in kashe, zan kashe.”

Ta sa ɗaya a tsohuwar rikodar. Muryar Inna ta fito, da tarin nan nata da ƙarar muciya a bayanta, kamar tana ɗaki na gaba. Na dafe gado. Tana ba da labarin ranar, tana cewa, “Uban ya zo ya yi masa huɗuba, ya ce min sunansa…” Sai shiru, kamar na numfashi ɗaya. Sai muryar ta dawo: “…na ce masha Allah, sunan kakana ne na wajen uwa.”

Na ce, “Kaset ɗin ya lalace ne?”

Ta ce, “A'a. Gogewa aka yi. Gwaggo, Mama ba ta goge kaset. Ko tarin mutum ba ta gogewa, tana cewa shi ma magana ne. Na saurari duk na cikin akwatin nan, nan ne kaɗai.”

Ashe matarmu ta san sunan. Tun kafin ta zauna a gabana ranar shinkafa ta sani, baki na biyu take nema kamar yadda ta saba. Ni duk shekarun nan na ɗauka Inna ta rufa min asiri ne. Sunan yana hannunta, littafin da ta fi wahala a kansa yana jiran kalma ɗaya, babu wanda zai kama ta in ta rubuta, ni ba karatu na iya ba balle in gani. Ta sa yatsa ta goge.

'Yar ta buɗe takardun ta nuna min wani layi da fili a tsakiyarsa, faɗin yatsa biyu. A gefe akwai ɗan rubutu da fensir. Na ce me ta ce a nan? Ta ce, “Ta rubuta: na uwarsa ne.”

Ta mayar da zaren ta ɗaure. Ta ce, “Ba roƙonki nake ba. Ta bar wasiyya kada kowa ya roƙe ki. In ba ki faɗa ba, a bar shi a akwati.”

Na koma Gyaɗi-Gyaɗi. Na zauna na lissafa waɗanda suka taɓa jin sunan nan: ubansa, Inna, Yaya wataƙila, da ita. Duk suna ƙarƙashin ƙasa. Kakan Inna na wajen uwa kuwa babu mai rai da ya san shi. Saura ni, ga ciwon ƙafa, ga hawan jini. Kunyar da na yi, a gaban su na yi ta, kuma babu ko ɗaya da ya rage da zan ji nauyinsa. Kwana uku ina juya abin. Rana ta huɗu da safe na yi wanka na sa zanen da nake zuwa unguwa da shi, na tari adaidaita.

Na ce wa 'yar ta rufe ƙofa ta ɗauko takardar. Na buɗe baki, harshen ya ƙi. Sama da shekara hamsin sunan yana kwance a wuri ɗaya, ban taɓa jin sa da muryata ba. Na yi bismilla na faɗa, a hankali, ina kallon tabarma.

Ta ɗora alƙalami, sai ta tsaya. Ta ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, sake faɗa. Kada in kuskure harafi.”

Na ɗago na harare ta. Halin uwarta ne sak. Na sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, har na ji shi ya bugi bango. A nan ba zan maimaita ba, wanda yake so ya jira littafin.

Ta rubuta, ta karanta min shafin tun daga sama. Ga Inna da askarta, ga ni ina ƙuruciya, ga shi da sunansa a tsakiyar layi kamar kowane mutum. Ta kai inda aka ce ya yi kwana huɗu a duniya, na ɗaga mata hannu.

Na ce, “Inna ta yi kuskure. Alhamis kafin fitowar rana aka haife shi, Litinin bayan la'asar ya koma. Kwana biyar ne. Gyara, kada a rage masa ko ɗaya.”

Ta gyara. Na ce ta kai wa masu bugawa.

Allah ya jiƙan matar Yaya, ya yalwata mata kabari, ya sa abin da ta rubuta da abin da ta ƙi rubutawa duk su hau mizaninta. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.